Yadda Ake Gano Ciwon Libarba Mai Albarushi da Hular Wuta, a Gyara Ta

Kafin harsashi mai kwanso ya zama ruwan dare, libarbar da sojan Amurka ke ratayawa a ƙugu rami-rami ake ɗura ta. A zuba albarushi ta gaban silinda, a danna dunƙulen dalma a kai, sannan a kafa 'yar hular jan ƙarfe a kan nonon da ke bayan kowane rami. Guduma ta sari hular, tartsatsi ya bi ta cikin nono, albarushi ya kama. Samuel Colt ya yi rajistar nasa tsarin a Amurka a 1836, da irin waɗannan bindigogi aka yi yaƙin basasar ƙasar tsakanin 1861 da 1865, kuma bayan fitowar Colt mai harsashin kwanso a 1873 sai kasuwarsu ta fara watsewa. Waɗanda ake harbawa yau a filayen gasa na Amurka da Faransa da Ingila galibi kwafi ne daga yankin Brescia na Italiya, na kamfanonin Uberti da Pietta. Su wannan jagora ta fi shafa. Tsohuwa ta asali, wadda ta haura shekara 150, ba a harba ta sai ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba ta.

Doka ta bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ba ta lissafa su cikin bindigogin zamani ba, ko da yake wasu jihohin suna da nasu sharuɗɗan. A Faransa baligi yana iya saye. A Ingila sai da lasisin bindiga, da wata takardar daban ta ajiye albarushi. A Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta sa kowace irin libarba da fistol cikin haramtattun makamai, har da masu hular wuta, ba a ajin adakar maharba suke ba. Don haka wannan bayani na wanda ya mallake ta bisa doka ne a inda yake zaune.

Iri biyu ne manya, kuma ciwonsu ba ɗaya ba ne. Tsarin Colt, wato Navy ta 1851 mai faɗin ramin bututu .36 na inci da Army ta 1860 mai .44, ba shi da rufi a saman silinda. Bututu da firam guda biyu ne, sanda mai kauri ta fito daga firam, silinda tana juyawa a kanta, bututu ya hau ƙarshenta, wani ɗan ƙarfe da ake kira weji ya ratsa ya ɗaure su. Tsarin Remington, wanda ake kira na 1858, firam ɗinsa a rufe yake, bututu a ɗaure da zare, silinda tana juyawa a kan siririyar sanda da ake zarewa ta gaba. Colt ta fi haɗiye gutsattsarin hula. Remington ta fi saurin cijewa da dauɗa.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne jerin bincike. Galibin abin da ake kira lalacewa a waɗannan bindigogi dauɗa ce, ko hular da ba ta dace da nono ba, ko dalmar da ba girmanta ba. Magagari shi ne na ƙarshe da za ka ɗauka.

Mataki na farko: kashe haɗarin

Idan ka ja kunama, hula ta fashe ko ba ta fashe ba, bindiga ta yi shiru, kada ka motsa bakinta daga inda ka auna. Ka jira aƙalla minti ɗaya. Albarushi mai danshi yakan ci a hankali kafin ya tashi, kuma idan ka riga ka juya silinda, wannan ramin ba ya fuskantar bututu, yana fuskantar firam da hannunka.

Bayan nan ka kawo guduma rabin ɗani, wato ka ja ta baya har ta tsaya a rabin hanya, ka cire duk hulunan da suka rage da ɗan tsinken tagulla ko na katako. Ramin da ke da albarushi da hula, ɗurarre ne, ko da silindar tana kan tebur. Sai ka fitar da silinda. A Colt, ana buga weji daga dama ya fita ta hagu, da gudumar roba ko guntun katako, sannan a saita silinda yadda sandar ɗuri za ta sauka kan ƙarfen da ke tsakanin ramuka biyu, a danna liba, bututu ya zame gaba. A Remington, a sauke libar ɗuri, a jawo sanda, silinda ta gangaro ta gefen dama.

Ramin da ya ƙi tashi ana kwance nononsa, a zazzage albarushin ta baya, abin da ya manne a jiƙa shi da ruwa, sannan a tura dalmar gaba da siririyar sandar tagulla. Ba a amfani da ƙarfe a nan, saboda tartsatsi da kuma zaren ramin nono. Haka ake yi wa ramin da aka manta aka danna masa dalma babu albarushi, abin da duk mai harbi yakan yi wata rana.

Idan harbin ya fito da ƙara marar ƙarfi, tsaya. Leƙa bututu bayan ka raba shi da silinda. Dalmar da ta maƙale a ciki, aka bi ta da wata, ita ke kumbura bututu.

Mataki na biyu: wanke, sannan ka sake gwadawa

Fiye da rabin abin da albarushi ke bari bayan ya ƙone ba hayaƙi ba ne, daskararriyar toka ce, mai gishiri, mai jan danshi. Duk wanda ya taɓa wanke adaka bayan hawan salla ya san ta. Ruwa ke narkar da ita. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu sun isa, sai a shanya sosai, a shafa mai. Wajen man ne mutane ke kuskure: man da aka samu daga fetur, idan ya haɗu da wannan toka da zafi, kwalta yake zama. Bututu da ramuka da sandar silinda suna son kitse ko man tsiro. Haɗin kakin zuma da kitsen rago, ko kakin zuma da man zaitun, shi ne aka daɗe ana yi, a ƙara kaki idan ana zafi. Masu amfani da Ballistol, man nan na Jamus, suna gauraya shi da ruwa don gogewa a filin harbi, kuma yana aiki.

Ka wanke, ka haɗa, ka ɗana babu komai a ciki. Idan ta koma santsi, babu abin da ya karye.

Mataki na uku: saurara

Da bindiga fanko, ka ja guduma baya a hankali, kunnenka a kusa. A tsarin Colt mai hular wuta, ƙara uku za ka ji. Ta farko ita ce bakin kunama ya faɗa tsagin rabin ɗani, a nan silinda tana juyawa sakaka. Ta biyu ita ce sakatar da ke ƙasan firam ta kuɓuce ta dawo sama, ta sauka a ɗan gangaren da ke gaban tsagin silinda. Ta uku biyu ce a haɗe: sakata ta shiga tsagi, kunama ta kama cikakken ɗani, lokaci guda. Ka yi wa ramuka shida duka, domin matsalar da ta bayyana a rami ɗaya tal ta silinda ce, wadda ta bayyana a duka ta kayan ciki ce.

Kada ka saki guduma ta sari nono babu hula, yana dakushe bakinsa. Ka sauke ta da babban yatsa. Kuma daga rabin ɗani ba a saukewa kai tsaye, sai an kai ta ƙarshe tukuna, in ba haka ba sakata ta ja layi a jikin silinda.

Mataki na huɗu: bindiga ta ƙi tashi

Tambaya ɗaya ce ke raba hanya: hular ta fashe ko ba ta fashe ba?

Idan ta fashe albarushi bai kama ba, hanyar wuta ce a toshe. Mai ne ya kwanta a cikin nono tun wankin baya, ko toka. Shi ya sa kafin ɗurin farko na yini ake goge ramuka da busasshen ƙyalle, a harba hula ɗaya-ɗaya a kan kowane nono babu albarushi, baki yana kallon wuri marar haɗari. Ɗaga silinda ga haske, ya kamata ka ga ɗigon haske ta kowane nono. Siririyar waya tana buɗe wanda ya toshe. A lura kuma cewa madadin albarushi, irin su Pyrodex da Triple Seven, sun fi na gargajiya wuyar kamawa, don haka nonon da ke aiki da wancan yana iya yin jinkiri da waɗannan.

Idan hular ba ta fashe ba, amma da aka zagayo aka sake sara sai ta tashi, to ba ta zauna ba ne tun farko. Saran farko ya zaunar da ita, na biyu ya fasa ta. Ko dai ta yi wa nono kaɗan, ko bakin nonon ya baje saboda duka. Lamba 10 da lamba 11 su ne girman da aka saba, sai dai lambar ba ma'auni ba ce da kamfanoni suka yi tarayya a kai. Lamba 10 ta kamfanin Remington ba ta yi daidai da lamba 10 ta kamfanin CCI ba, hular RWS 1075 ma da nata girman. Sai ka gwada iri-iri har ka samu wadda ke shiga da ɗan matsi, ta kai ƙasa, ba ta faɗuwa idan ka ɗaga baki sama ka girgiza. Ana zaunar da ita da guntun katako, ba da tsokar yatsa ba, ba kuma da gudumar bindigar ba.

Idan hula ta zauna daram amma duk da haka saran ba ya fasa ta, duba abu uku. Guntun tsohuwar hula ya maƙale a hanyar guduma, tsakaninta da firam, yana tare ta kafin ta kai. Wannan ya fi yawa, kuma jan ƙarfen yakan baje ya manne har ido ya wuce shi. Na biyu, babban sifirin da ke tura guduma ya yi laushi, ko wani ya rage shi don ɗani ya yi sauƙi. A Remington akwai kusa mai zare a gaban mariƙi da ke ƙara masa ƙarfi. Na uku, silinda tana wasa gaba da baya fiye da kima, sai saran ya tura ta gaba maimakon ya fasa hula. Za mu dawo kan wannan.

Mataki na biyar: hula ta faɗa ciki

Wannan shi ne ciwon Colt na gado, kuma shi ya fi ɓata wa masu ita rai. Ka harba, ka ja guduma, sai ta tsaya cak a rabin hanya, ko silinda ta cije. Dalilinsa yana da sassa uku da ke taimakon juna.

Lokacin da albarushi ya tashi, wani iskan yana komowa baya ta ramin nono. Idan ramin yana da faɗi, ko ya cinye saboda yawan harbi, iskan yana ɗaga guduma kaɗan, ya yaga hular, ya watsa ta. Idan ka tarar da guduma ta koma rabin ɗani da kanta bayan harbi, ba sai an faɗa maka ba, nonuwan sun gama aiki ko sifirin ya mutu. Sannan a fuskar gudumar Colt akwai ɗan tsagi, wanda aka yi don ya hau ƙananan fil da ke tsakanin nonuwa a ajiye bindiga lafiya. Jan ƙarfen hula yana nutsewa cikin tsagin, ya manne, guduma ta jawo shi baya idan ka ɗana, ya saki ya faɗa ramin da ke ƙarƙashinta, inda sakata da yatsa, ɗan ƙarfen da ke juya silinda, suke.

Gyaran daga mai arha ake farawa. Da farko hula mai kama nono sosai. Matse babbar hula da yatsu don ta zauna dabara ce ta wucin gadi, kuma tana barin kafa a gefe. Na biyu, a canja nonuwa da masu ƙaramin rami. Na Treso, da aka yi da gaurayen tagulla mai tauri, da na Slix-Shot masu ƙananan huji a gefe, su aka fi sani a Amurka. A nan sai ka kula da zare: na Pietta zaren mita ne, 6 x 0.75, yawancin na Uberti kuwa 12-28 ne, manyan samfuran Colt, Walker da Dragoon, nasu daban. Nonon da ya shiga da zaren da ba nasa ba yana iya fitowa da ƙarfin harbi, kuma fuskarka ce a bayansa. Na uku, a goge kaifin gefen tsagin nan na fuskar guduma da lallausar sanfefa ko dutsen washi, har ya daina kama farce. Wasu suna cike shi gaba ɗaya, amma daga ranar fil ɗin ajiya sun daina amfani, dole a riƙa barin rami ɗaya fanko a ƙarƙashin guduma. Masu gasar sauri suna kai wa mai gyara ya dasa ɗan fil a firam, a hanyar guduma, wanda ke kankare hular idan ta biyo baya. Yana aiki ƙwarai, amma huda firam ne, ba aikin gwaji ba.

Akwai kuma dabarar hannu: a karkatar da bindiga dama kaɗan yayin ɗanawa, don guntun ya bi kwarin da aka fafe a garkuwar baya, ɓangaren firam da ke bayan silinda, ya faɗi waje. Ɗaga baki sama a ɗana, kamar yadda ake gani a finafinan kaboyi, yawancin filayen harbi sun hana, kuma suna da gaskiya.

Idan guntun ya riga ya shiga, kada ka tilasta guduma. Juya bindigar ƙasa-sama, bakin yana wuri marar haɗari, ka girgiza, ka zaƙulo da tsinke. In ya ƙi, sai kwancewa.

Mataki na shida: silinda ta yi nauyi

Idan nauyin yana ƙaruwa sannu a hankali da yawan harbi, toka ce a kan sanda da fuskar silinda. Sandar Colt tana da kauri da zobba-zobba na riƙe maiƙo, a cika su. Ta Remington siririya ce, sumul, kuma tana daf da inda wuta ke fita, shi ya sa bayan 'yan zagaye sai a zare ta a goge a shafa. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta.

Idan cijewar ta zo farat ɗaya, duba gaban silinda. Dalmar da ba ta kama rami ba tana tafiya gaba da girgizar harbin maƙwabciyarta, ta leƙo waje, ta tokare da bututu. Duba baya kuma, ko wani nono ya kwance ya fito, hularsa tana gogar garkuwa.

Sai batun weji, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A Colt ta asali, sandar silinda tana shiga ramin da ke ƙarƙashin bututu har ta taɓa ƙasansa. Idan aka buga weji, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, tazarar da ke tsakanin silinda da bututu ta tsaya a wuri ɗaya kullum. A kwafi da yawa sandar ba ta kai ƙasan ramin ba. Sakamakon haka, duk bugun da ka ƙara wa weji yana jawo saman bututu baya, tazara ta rufe, silinda ta cije. Ka sassauta kuma bututu ya yi wasa, weji ya riƙa cin duka har ya lotse. Tun da tsagin auna na baya a kan guduma yake, na gaba a kan bututu, inda dalma ke sauka ma yana canjawa duk ranar da ka kwance ka haɗa.

Gwajin mai sauƙi ne. Jefa siririn zoben ƙarfe, irin wanda ake sa wa noti, cikin ramin, ka mayar da bututu. Idan har yanzu ƙasan bututu ya haɗu da firam ba tare da tsaiko ba, sandar gajeriya ce. Maganin shi ne a cike giɓin da zobe mai kaurin da ya dace, ana ragewa kaɗan-kaɗan, har ya zama an buga weji sosai kuma tazarar ta tsaya wajen milimita 0.1 zuwa 0.15. Ana auna ta da siraran ma'aunin da makanikai ke saita fulogi da su, silinda a ture baya. Ƙasa da haka toka za ta rufe ta da wuri. Fiye da haka sosai, ƙarfi yana zubewa, wuta da toka suna fesowa gefe.

Mataki na bakwai: kayan ciki

Kafin ka kwance komai, nemi sukundireba mai bakin da ya cika tsagin kusa daidai. Kusoshin waɗannan kwafi suna da laushi, na kafinta yana cinye kansu nan take. A Colt ana cire ƙarfen bayan mariƙi da katakon, a sassauta babban sifirin, a cire gadin kunama, sai ga komai a fili: sifirin mai ƙafa biyu, kunama, sakata, guduma da yatsa a jikinta. Guda nawa ne duka, ba su da yawa. Ɗauki hoto kafin ka taɓa.

Sifirin mai ƙafa biyun nan shi ya fi karyewa. Ƙafa ɗaya tana tura kunama, ɗaya tana tura sakata. Kunama ta yi lakwas, guduma ba ta tsayawa a ɗane: ƙafar kunama ce. Guduma tana tsayawa amma silinda tana juyawa ba kulle: ƙafar sakata ce. Wani lokaci kusarsa ce kawai ta sassauta.

Yatsa shi ne ɗan ƙarfen da ke tura haƙoran bayan silinda, yana da nasa siririn sifirin. Gwajinsa yana da daɗi. Ka ɗana fankon bindiga baki yana kallon ƙasa, silinda ta juya. Ka ɗana baki yana kallon sama, ta ƙi. To sifirin yatsa ya karye, nauyinsa ne kawai ke kai shi ga haƙora idan an sunkuyar.

Sauran matsalolin na daidaiton lokaci ne. Ɗora yatsanka a jikin silinda ka ɗan riƙe ta, ka ɗana a hankali. Idan guduma ta kai ƙarshe amma sai ka ƙara juya silinda da hannu kafin ta kulle, yatsan ciki ya gajarce ko ya cinye. Bindiga mai wannan hali tana aske dalma a bakin mazurarin bututu, ta feso gutsattsari gefe, kuma na kusa da kai ne zai fara sani. Idan silinda ta kulle tun guduma ba ta kai ba, sai da ƙarfi take ƙarasawa, yatsan ya yi tsawo. Idan da saurin ɗani silinda tana wuce wurinta, sakata ce ke makara, ko sifirinta ya raunana, ko gefen tsagin silinda ya dakushe. Idan kuma guduma ta ƙi motsi tun daga farko, ƙafar sakata ba ta haye ƙullutun da ke gefen guduma ba lokacin da aka sauke ta. Sau da yawa guntun hula ne ya hana guduma sauka har ƙasa.

Sabon yatsa ko sabuwar sakata ba sa shiga haka nan, da ɗan tsawo suke zuwa don a daidaita. Shafa musu baƙin alƙalami, haɗa, ɗana, kwance, ka ga inda ya goge, ka shafi wurin da dutse sau biyu ko uku, ka sake haɗawa. Aikin haƙuri ne. Kullum ƙaramin abu mai arha ake ragewa, ba firam ko haƙoran silinda ba.

Wuri ɗaya ban yarda mai koyo ya taɓa ba: bakin kunama da tsagin cikakken ɗani. Taurinsu fata ce siririya a sama, da ka ci ta sai laushin ciki, kusurwa ta lalace, bindiga ta fara tashi da kanta. Ɗana ta fanko, ka tura guduma gaba da babban yatsa ba tare da taɓa kunama ba. Idan ta zame, a ajiye ta sai mai gyara ya gani.

Mataki na takwas: ramuka biyu sun tashi tare

Har yau masu harbi suna gardama kan ko wutar ta gaba take shiga ko ta baya. Ta ko'ina tana iya shiga, don haka a rufe duka biyu. Ta baya, hular da ta yi sako-sako ko ta faɗi. Ta gaba, dalmar da ba ta cika rami ba. Dunƙulen da ya dace, idan aka danna shi, bakin rami yana aske masa cikakken zobe siriri. Ga .36 ana amfani da .375 ko .380, ga .44 kuma .451 ko .454, libarbar kamfanin Ruger mai suna Old Army tana son .457. Zoben ya fito rabi, ko bai fito ba, ka ƙara girma. Dalmar ta zama tsantsa mai laushi, domin mai tauri tana lanƙwasa libar ɗuri. Faifan ulu mai maiƙo tsakanin albarushi da dalma, ko maiƙo a saman dalma, yana ƙara kariya, yana kuma tausasa toka, amma ba ya maye gurbin girman da ya dace.

Kada a bar iska tsakanin albarushi da dalma. Kada a zuba daga gora kai tsaye, sai ta ma'auni, saboda garwashin da kan saura a rami. Hannun hagu kada ya wuce gaban silinda, tabarau kuma dole ne. Garin harsashin zamani marar hayaƙi ba ya shiga wannan bindiga ko ƙwaya ɗaya, tarwatsa ta yake yi.

Ƙananan abubuwan da suka rage

Libar ɗuri tana faɗowa yayin harbi, sandarta ta shiga rami ta tsayar da silinda. A Walker ta 1847, mai nauyin kusan kilo 2, wannan hali ne na asali, ɗan sifiri ne kawai ke riƙe libar, shi ya sa Colt ya sa maƙalli a gaba a Dragoon da ta biyo baya. Masu kwafinta suna ɗaure ta da zoben fata. A sauran, sifirin maƙallin ne ya yi laushi ko bakinsa ya cinye.

Colt tana harbi sama da inda aka auna a tazarar mita 25. Ba ciwo ba ne, tsinin gaba ne gajere, a sa mai tsawo.

Firam na tagulla kuwa sai da lallaɓawa. Jihohin kudu na ƙasar Amurka sun ƙera irinsu lokacin yaƙin basasa saboda ƙarancin ƙarfe, kamar Griswold da Gunnison ta jihar Jojiya, kuma .36 ce. Kwafin Navy na tagulla mai .44 da ake sayarwa yau Colt bai taɓa yin irinsa ba. Firam na ƙarfe yana ɗaukar giren (ma'aunin albarushi) 20 zuwa 30 na albarushi mai ƙananan ƙwayoyi da ake kira FFFg a .44, da 15 zuwa 22 a .36, ana aunawa da cikar ma'auni, a rage kusan kashi 15 cikin 100 idan Triple Seven ne. Na tagulla a tsaya a ƙasan wannan iyaka. Idan aka matsa masa, bayan silinda yana buga hatiminsa a garkuwar baya, tazara ta buɗe, saran guduma ya daina kaiwa, daga baya sanda ta fara girgiɗi a mazauninta. Cire silinda ka shafa wurin da farce. Idan ka ji zoben ya nutse, ka kama sandar kuma ta motsa a hannunka, sabon nono ko sabon weji ba za su yi komai ba. Kuɗin gyaran firam ɗin yakan kusan kai na sabuwar bindiga, kuma yawancin masu gyara za su ce maka a cire nonuwan a rataye ta a bango.